Am Munji, Wanda Ya Wanke Ni a Filin Ƙwallo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, tara ga Afrilu, Lutfi ya buga mini waya, ya ce mahaifinsa Am Munji Garbi, tsohon bakaniken garinmu Tastur, ya amsa kiran Ubangijinsa bayan jinyar mako uku. Shekarunsa saba'in da takwas.

Am Munji, shekara arba'in garejinka na bakin kasuwa bai rasa tukunyar shayi ba, kuma manomin da injin ban-ruwansa ya mutu lokacin rumman bai taɓa jin ka ce masa ya dawo gobe ba. Kowa da abin da zai tuna. Ni ga nawa.

A lokacin ni ke kula da ciyawar filin ƙwallon gari, da wata ƙaramar taraktar yankan ciyawa da ta tsufa a hannuna. Sai ta fara yi mini gardama. In murza sitiyari hagu, ita kuma ta miƙe gaba abinta. Ana saura kwana biyu babban wasa na daki turken raga har ya karkace. Si Rida, shugaban kulob, ya tsaya gaban 'yan wasa ya ce, "Munsif, idonka ya ƙare. Ka ajiye mana makulli ranar Litinin." 'Ya'yana huɗu na makaranta, ba ni da wata sana'a.

Da ka ji, ka rufe gareji da rana tsaka ka zo filin. Ka durƙusa ka girgiza tayoyin gaba, ka leƙa ƙarƙashi. Sai ka miƙe ka ce, "Si Rida, kai mai lafiyar ido, hau ka zagaya mana da ita sau ɗaya."

Ya hau da kwat ɗinsa. Ya isa kwana, ya murza, ya sake murzawa, tarakta ta wuce da shi kai tsaye cikin shingen waya. 'Yan wasa suka zube ƙasa don dariya.

Ka ce, "To, kai ma sai ka ajiye makullin ofis ranar Litinin."

Sannan ka nuna masa da yatsa: haƙoran giyar sitiyari sun cinye, sandar da ke juya tayoyi ta yi lakwas, tayoyin gaba sun sule babu iska, ga buhun ciyawa a baya yana ɗaga mata kai. Ka ce, "Ba idon mutum ba ne, ya Sidi. Shekara nawa rabon da a sa mata giris?"

Kayan gyaranta babu su ko a Tunis, babban birni. Ka ɗora ƙarfe a kan haƙoran da walda, ka yini kana goge su ɗaya bayan ɗaya, abincinka burodi da man zaitun. Ka ɗaura mata guntun ƙarfe a gaba don tayoyin su kama ƙasa. Ranar wasa layukan ciyawa suka fita sambal. Na ƙara shekara goma sha ɗaya a filin nan, na yi ritaya da mutuncina.

Ban taɓa gode maka yadda ya kamata ba. Duk sanda na ɗauko zancen sai ka ce, "Munsif, surutu ya isa, miƙo mini sifana." Yau da babu mai katse ni, na gode, Am Munji.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Khala Zuhra, da 'ya'yanka Lutfi da Naziha, da jikoki, da dukkan mutanen Tastur. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.