Anti Tabarau, Mai Karanta Kwalba Kafin Ta Taɓa Kai

Kullum da safe Anti Tabarau za ta share shagonta na kitso, ta wanke matazai, sannan ta maƙala gilashin da ya jawo mata wannan suna. Shekara talatin ke nan tana haka. Duk man da kika kawo sai ta juya kwalbar ta karanta bayanta kamar mai duba takardar jarrabawa. In ƙamshi ya yi yawa, ba a kuma rubuta abin da ke ciki ba, sai ta turo miki abinki.

"Wannan ba zai hau kan yarinya a shagona ba. Ke dai babba ce, kanki naki ne."

Mun sha yi mata dariya, muna cewa likita ce ta ɓata hanya ta faɗo kitso. Ko shayinta ba ta yarda a zuba a kofin roba. Ƙanwarta ma'aikaciyar jinya ce ta taɓa yi mata bayani kan illar wasu mayuka da robobi, ita kuwa ta riƙe gam.

Ni na fi kowa dariya, har ranar da na kai mata 'yata mai shekara shida. Tana ɗaura mata tawul sai ta dakata, ta ja ni gefe.

"Ƙanwata, kada ki ji haushi. Ƙirjin yarinyar nan ya fara tasowa. Me kike shafa mata a gida?"

Na kuwa ji haushi. Na ce kitso na kawo ta, ba a ƙare mata kallo ba. Na ja yarinyata da rabin kai a tsefe na fice. Wata huɗu ban taka shagon ba, har na zuga maƙwabtana biyu suka daina zuwa.

Amma maganar ta hana ni sakat. Da muka je asibiti, likita ta tabbatar balaga ce ke neman zuwa da wuri. Ta ce ba za ta rantse a kan dalili ɗaya ba, amma wasu sinadarai da ke cikin mayuka masu ƙamshi da robobi kan rikita tsarin girman jiki. Ta sa na daina wancan man, na daina ɗumama abinci a roba, aka ci gaba da duba yarinyar. Ta ce mun zo a kan lokaci.

Anti, ke ce kika san zan yi fushi, kika san ciniki zai ragu, duk da haka kika faɗa. Ranar da na dawo da kunya, kujera kawai kika turo mini.

Ƙarshen watan nan za ta rufe shago, yatsu sun gaji. Na gode, Anti, Allah Ya saka da alheri. Masu kitso, masu aski, masu reno, 'ya'yanmu suna ratsawa ta hannunku, in kun ga abu ku faɗa ko da uwa za ta zage ku.

'Yata yau shekararta tara, tana can tana tsallen igiya da sa'o'inta. Haƙurin da bakina ya kasa ba ki, Anti, ga shi na ba ki a gaban jama'a.