Ludayin Furar da Yaya Isuhu Ya Sha

Shekara tara ke nan da muka rufe yayana Isuhu, kuma har yau in aka ce mini "kwanansa ne ya ƙare" sai in ji zuciyata ta tafasa. Na yarda da ƙaddara. Abin da na ƙi shi ne mu riƙa ɓoye wautarmu a bayanta.

Yaya Isuhu ma'aikacin labo ne a wata likita, wato asibiti, cikin yankin Buza, aikinsa awon jini da bayan gida. Duk ranar hutu yakan zo ƙauyenmu, can gefen Karofane, ya tsaya bakin rijiyarmu yana kaɗa kai. Ba gini, ba murfi. Da damina ruwan sama ya kwaso ƙazantar bayan gari ya zuba ciki, mu ɗebo mu dama fura. Mun gaji wata magana: tsamin fura yana kashe kome, abin da ya tsira kuma tsamin ciki ya ƙarasa shi.

Wata rana ina damu ya zauna kusa da ni ya ce, "Hadiza, ƙwayar cutar hanji ba wawa ba ce. Cikin jikinta akwai umarnin da ta gada, shina kwance kamar mai barci. Da ta ji tsami sai ta tashe shi, ta toshe ƙofofin fatarta, ta ƙera abin da ke rage mata zahin tsamin. In ta fara ɗanɗana shi kaɗan cikin hura, ɗamara ta yi. Ta ratsa ciki, ta isa hanji lahiya lau."

Shekara biyu yana roƙon a gina bakin rijiya a yi mata murfi, a riƙa tafasa ruwan damu. Daga ƙarshe aka tara mutane ƙofar gidan maigari. Ni aka sa damun furar taron. Jama'a da yawa, itace kaɗan, ban tafasa ruwan ba. Wannan ma ina ɗauke da shi.

Yana cikin bayani sai Baba Nomau, ƙanen mahaifinmu, ya cika ludayi ya miƙa masa. "Isuhu, karatun lakkwal ya ɓata ka. Wanga ruwa ubanka ya sha shi, kakanka ya sha shi. Amshi ka sha, ko ka hi ƙarhinmu ne?"

Aka fashe da dariya. Yaya ya daɗe yana kallon ludayin. Ya ce, "Baba, wallahi ba raini ba ne." Ya karɓa da hannu biyu ya shanye.

Bayan mako biyu zazzaɓi ya kwantar da shi a gida. Taifot ce. Ƙorama ta cika ta datse hanya, kafin mota ta samu ta ƙetare da shi zuwa babbar likitar Madawa hanjinsa ya huje. Ba zan rantse ludayin nan ne ba, amma ruwa ba ya tsami banza: a watan nan ba gidanmu kaɗai aka yi zaman makoki ba.

Murfin da ya yi shekara biyu yana roƙo, cikin mako guda aka yi shi bayan sadakar bakwai. Ashe muna da siminti. Ashe muna da hannu. Gawa muke jira.

Da zai dawo yau, me zai ce? An haƙa mana foraj, rijiyar burtsatse, gaskiya ne. Amma in famfo ya lalace sai a yi watanni kowa na kallon kowa, mata su koma tafki. Waya na hannun kowa, ana tura muryar masu tallar magani, ba mai tura maganar tafasa ruwa. Kasuwar da ta wuce na ji wata na ce wa mai ciki, "Sha abinki, tsami ya kashe kome." Ƙwayar da ido ba ya gani ta iya sauya hali don ta rayu, mu masu hankali mun kasa. Shi ma Yaya ina fushi da shi. Ya sani, ya sha.

Bai bar gadon gida ba, bai bar garke ba. Ya bar ƴan gidaje inda tukunyar ruwa ke hawa murhu kafin a taɓa nono, da ƴaƴansa biyu da ke tambaya kafin su sha. Ni kuwa, ko wane dattijo ya miƙo mini ludayi, sai na ji inda aka ɗebo ruwan. Suna cewa ba ni da kunya. Su faɗa. Na ga inda kunya ta kai mai ita.