Cikin Yaya Madina Ya Hau Intanet

Zakiyya 'yar Bappa Hammajoda ce, tela a unguwar Fadaman Mada a Bauchi, kuma da tsoro aka haife ta. An ce ranar sunanta da wanzami ya fito da aska, sai a ƙarƙashin gado aka tsinto jaririyar. Ta girma tana tsoron ƙadangare da allura, amma babu abin da ke kaɗa mata hanji kamar a ce ta tashi ta yi karatu a aji. Kalma ɗaya sai ta yi ta tauna ta kamar ganda.

A haka ta lallaɓa har babbar sakandare, inda Malama Nkiru mai koyar da Turanci ta buɗe wa ajinsu shafi a intanet. Duk mako kowa zai rubuta labarin gidansu, 'yan aji su karanta su yi sharhi.

"Zakiyya, ka rubuta abin da ido naka ya gani," in ji Malama da Hausarta.

A nan babu mai kallon fuskarta, sai bakin Zakiyya ya koma yatsa. Da wayar Bappa ta rubuta kekensa na ɗinki, ta rubuta akuyar gidan, har ta fara gyara wa wasu rubutu.

Sai yayarta Madina ta zo daga gidan mijinta a Tirwun da ƙaramin ciki, na fari. Goggo Mas'uda, yayar Bappa, ta kafa doka: kada wanda ya ambata, domin bakin mutane dafi ne, cikin fari ba ya jure shi. Zakiyya ta kama bakinta. Yatsan ne ba a yi wa doka ba. Ta rubuta yadda warin daddawa ke sa Yaya amai, da yadda take ɓuya bayan randa tana gurgurar farar ƙasa kamar gara.

Sharhi ya yi ta zuba, kowa "Allah ya raba lafiya." A lissafin Zakiyya, duk Bauchi ta sa wa cikin baki.

Ranar Asabar da safe Madina ta riƙe mara ta durƙusa. Aka sa ta a keke napep.

"Wani ya yi magana," in ji Goggo, tana bin kowa da ido. "Sai na san ko wane ne."

Zakiyya ta tabbata ita ta kashe ɗan, da yatsanta. A bencin asibiti ta matse waya tana neman goge rubutun, ashe kati ya ƙare. Duk ƙofar da aka buɗe sai ta ji kamar ɗan za a fito da shi naɗe a zane.

Nas ɗin da ta fito ta dubi Goggo.

"Hajiya, ɗa yana nan lafiya. Cikinta ne ya ɗaure, jininta kuma ya yi ƙasa. Na tambaye ta me take ci, ta ce tuwo. Na ce ba ke ce Madinar bayan randa ba? Farar ƙasar nan ce ta jawo mata. 'Yata ajinsu ɗaya da ƙanwarta, ita ke karanta min labaran."

Goggo ta juyo a hankali, kamar babbar mota a lungu.

"Zakiyyatu. Ke da ko kaza ba kya iya kora?"

"Goggo, ban faɗa ba. Rubutawa na yi."

"To daga yau abin da za ki rubuta, a gabana za ki fara karanta shi. Da ƙarfi."

Madina ta haihu lafiya, namiji. Zakiyya kuwa duk Juma'a tana tsaye gaban Goggo tana karatu tana fassarawa, gumi har gwiwa, ajin ma ya zama mata wasa. Bana akuyar gidan ta yi ciki, har tana tafiya da ƙyar. A shafi Zakiyya ta rubuta cewa ƙiba ta yi.