Wa Zai Kwarfe Ruwan?

Ranar wata Laraba ce, a daminar da na shiga aji huɗu, aka fito da mu daga aji aka jera a bakin tafki da tutocin takarda, wai ɗan takara zai zo. Da jirginsa mai inji ya iso, wani ƙato ne ya goyo shi zuwa tudu don kada takalminsa ya jiƙe. Muka yi ta tafi har tafin hannu ya yi zafi.

Mu a tsallaken ruwa muke, makaranta kuwa tana ɓangaren garin Wara. Kullum da safe, bayan na share tsakar gida na juya wa Inna kifin da ke kan banda, sai mu shiga tsohon kwale-kwalen garinmu, wanda aka toshe ramukansa da tsumma da kwalta. Dokarsa ɗaya ce: duk wanda ya shiga, yaro ko babba, za a miƙa masa ƙoƙo ya riƙa kwarfe ruwa. Mu yara har gasa muke yi, muna watsa wa juna. Inna kam ba ta ɗauki abin wasa ba. Ta riga ta rantse in ba a samu sabon jirgi ba, wannan ce shekarata ta ƙarshe a makaranta.

Shi ya sa na kasa kunne da mutumin ya fara magana. Ya yi alkawarin jirgi, sannan ya buɗe hannuwa ya ce, "Ƙasar nan kwale-kwale ce, ni ne matuƙi. Ku dai ku zauna shiru, kada kowa ya motsa, zan kai ku gaɓa." Na yi tsalle don murna. Inna, da ta tsallako sayar da kifi, ta tofar da yawu ta ja hannuna. A hanya ta ce, "Wanda ya taɓa shiga kwale-kwale ba ya cewa a zauna shiru. Buhu ne ke zama shiru, ɗiyata. Kaya ya ɗauke mu."

Na yi fushi da ita har na ƙi cin tuwo. Mutumin ya ci zaɓe, jirgi bai zo ba, shi ma ba mu ƙara ganin ƙeyarsa ba. Da ruwa ya cika a shekara ta gaba, Inna ta ninke rigar makarantata ta sa a ƙasan akwati, ban sake sa ta ba.

Yau ni ke tsaye a kan bandar Inna. In na kunna rediyo, wannan ya ce shi uba ne, wancan makiyayi, wani direba, sai in kashe, don na san inda kowannensu ya ajiye mu. Ina kewar tsohon kwale-kwalen nan da duk yoyonsa. A cikinsa dai kowa yana da ƙoƙo a hannu.