Jarkar Da Baba Ya Turbuɗe A Gindin Mangwaro

Jiya da hantsi ina tsaye a fadamarmu ta Jiga Makera, irin albasa ya fara langaɓewa, injin ban-ruwa kuwa babu ko ɗigon mai. Na je Aliero, na zarce Jega, ban samu ba.

Wannan ne ranina na farko ni kaɗai a gonar, tun da Baba ya rasu da damina. Na koma gida na faɗa wa Inna.

Inna ta dube ni ta ce, "Ɗauki hauya ka tahi gindin mangwaron bakin rijiya, ka tona inda tsohonka ya saba zama."

Na ce, "Inna, mi zan iske can?"

Ta ce, "Mai na. Duk ƙarshen rani sai shi cika jarkar ƙarhe har baki, shi ɗaure murhin tamau, shi turbuɗe ta cikin rairayi. Cewa shikai iska da zahin rana ka kashe mai."

Na tona, sai ga ta da sanyi kamar randa. Na buɗe, warin nan mai hawa kai yana nan, launinsa bai juya ba. Na zuba wa injin, ina jan igiya ya tashi.

Wallahi zama na yi ina kallon ruwa yana bin kunya-kunya. Mutum yana kwance a kabari, amma har yau shi ke ba gonarsa ruwa.

Allah ya jiƙan iyayenmu. Ku fa, me naku suka tanadar muku da sai bayan ba su kuka gano?