Bencin turmai na Kaka Ilu

Bana shekara huɗu ke nan da rasuwar Malam Ilu, kakana na wajen uwa. Mutanen Nakkasa, unguwarmu a Makka, sun san shi da gyaran fanka da keken ɗinki. Ni da benci na san shi, kuma a kan bencin nake wannan rubutu, tunda a gaban manya bakina ba ya buɗuwa.

Iyayen Kaka sun taso daga Kano da niyyar Hajji, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka zauna shekaru. A Omdurman mahaifinsa ya samu aikin share taragun jirgin lantarki mai yawo cikin gari, wanda ake kira turmai. Da aka daina amfani da jirgin, aka farfasa taragun, tsohon ya roƙi benci ɗaya. Lokacin da za su haye teku, katakon ya yi musu nauyi, sai suka kwance ƙarafan gefe biyu suka sa a buhu. A Makka Kaka ya sake yi masa katako, sanda bayan sanda, daga abin da ya tuna.

Majinginar bencin ba a kafe take ba. Idan ka tura ta sai ta faɗa ɗaya gefen, domin turmai ba ya juyawa in ya kai ƙarshen hanya, mutane ne ke juya wurin zamansu. Da safe Kaka yakan fuskanci lungu yana amsa gaisuwa. Da la'asar ya tura majinginar ya fuskanci Harami. Har yau ina jin ƙarar faɗuwarta, ƙarfe a kan ƙarfe, sau biyu, na biyun a hankali.

Duk Juma'a yakan ɗiga mata man keke da gashin kaza. Akwai wani wuri a kan ƙarfen da ya yi sulɓi yana sheƙi, inda fasinjoji ke kamawa. Ko tsumma ba ya bari a goga a nan da ƙarfi. Wata rana na zo da soson ƙarfe zan taimaka, ya riƙe hannuna ya ce, “Amaryata, tun ba a kai lefe ba za ki goge mini hannun mutane?”

Shekara guda bayan rasuwarsa aka rushe layinmu. Muka koma haya a unguwar Utaibiyya, bene na uku, bencin ya ƙi shiga ƙofa. Aka ajiye shi ƙarƙashin matakala, masu kawo gas suna ɗora tukwane a kai. Kowa a gidanmu yana cewa yana son Kaka, amma ban ga wanda ya sauka da man keke ba sai ni. Da mai gadin bene ya fara ƙorafi, Kawu Hamza, yayan mahaifiyata, ya kawo shawara: a kira mai walda ya kafe majinginar don kada ta matse yatsun yara, a rage tsawonsa, a sa soso, a fesa masa fenti ruwan zinariya. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ummata ta ƙi. Sai Kawu ya ce, “Halas, shi ke nan, a ba mai sayen tsofaffin ƙarafa mu huta.”

Ina yawan tunanin abin da Kaka zai ce yau. Yana son jirgin Mina, wanda ke kwance duk shekara sai kwanakin Hajji, domin a cewarsa akwai masu tashi kullum su kula da abin da ba ya tafiya. Na tabbata da ya ga yadda unguwa ke zama fili cikin mako guda, tambayarsa ɗaya ce: idan taragun jirgin nan na Mina suka tsufa, wa zai roƙi benci ɗaya? A garin nan mun iya sabo ƙwarai. Tsoho ne ba mu san inda ake ajiye shi ba.

Ranar da mai sayen ƙarafa ya zo, na dawo daga makaranta ke nan. Na tarar da shi da Kawu a gindin matakala. Sai na ajiye jakata, na tura majinginar, na zauna na ba su baya. Kawu ya ce, “Yalla, Hajara, tashi mana, mutumin nan yana da wurin zuwa.” Ban tashi ba. Mutumin ya yi dariya ya ce shi ba ya sayen benci da fasinja, ya tafi.

Ban yi nasara yadda nake so ba. Mai gadi bai janye maganarsa ba, ƙofarmu kuma ba ta ƙara faɗi ba. Washegari Ummata ta sa aka kwance bencin. Sandunan da Kaka ya sassaƙa da hannunsa, Kawu ya ce gara ta ci wasu, aka kai su bola gaba ɗaya ina makaranta. Wannan yana cina har yanzu, kuma ba zan ce da babu gara ba daɗi don in faranta wa kowa ba.

Abin da ya rage na Kaka bai kai abin da aka zubar yawa ba. Shagonsa ya zama fili, lungun da yake gaisawa da mutane babu shi. Akwai ƙarafa biyu a buhun shinkafa ƙarƙashin gadona, da wurin nan mai sheƙi wanda soso bai taɓa ba. Allah ya jiƙan Malam Ilu. Shi ma da ƙarafa biyu a buhu ya sauka garin nan.