Na Kai Majo Seyni Yamai

Gaya

Ƙarfe biyar da rabi, muna sallame asuba, kabu-kabu ya sauke mu tasha, ni da Majo Seyni. Shi ne tsohon ma'aikacin jinyar da na yi wata shida a ƙarƙashinsa ina binciken fitsarin jini tsakanin masunta. Bana zai yi ritaya. Ni na matsa masa ya raka ni Yamai, inda mu ɗaliban likitanci za mu gabatar da aikinmu gaban malamai, na kuma yi masa alkawarin zan faɗi sunansa a zauren. Har sabuwar riga ya ɗinka.

Doso

Kilomita wajen ɗari da hamsin, muka iso ƙarfe tara saura. A hanya jandarmomi sun duba katinmu sau biyu, kowane shinge sai Majo ya shaida musu cewa lokotoro, wato likita, ya rako, kamar an tambaye shi. Muka ci dambu da kopto, kwaɗon zogale, a tsaye, direba na ta hon. Ni kam ban ji ɗanɗanonsa ba.

Yamai

Azahar muka shiga, muka sauka gidan ƙanwarsa. Washegari ƙarfe goma aka kira ni, mutum na huɗu, minti goma kowa. Farfesan da ke jagorantar malaman ya riga ya yi kaca-kaca da ukun farko. Da na gama sai ya cire tabarau, ya ce abin da ya burge shi shi ne yadda aka bi masunta har bakin kogi da tsakar rana, lokacin da ƙwan cutar ya fi fita a fitsari, maimakon a zauna jiransu a asibiti. Ya tambayi wanda ya kawo dabarar.

Majo ne. Shi ya san ba za su zo ba, don ba su ɗauki jinin nan ciwo ba. Da harshensu na Dandanci ya lallashe su ɗaya bayan ɗaya.

"Ni na lura da haka, Farfesa," na ce.

Wallahi bakina ne ya riga ni. Yabon ya yi mini daɗi, na riƙe abina. Aka tafa, na hango Majo a kujerar baya shi ma yana tafawa.

Komawa

Kwana na uku muka juyo. Har Doso hirar shinkafarsa ta ƙauyen Bana yake yi mini, ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da shi. La'asar sakaliya muka iso Gaya lafiya, alhamdu lillahi. Nan tasha na riƙe hannunsa na ce, "Baba Majo, na gode, kuma ka yafe mini."

Ya gyara jakarsa a kafaɗa.

"Ba komai, ɗana. Masunta dai za su tambaye ni ko ka faɗi sunana. Zan ce musu ka faɗa."